Gafakar da Muka Nutsar a Tiga

Zuwa ga Yaya Ɗahiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa ta girmamawa, irin wadda ƙanwa ke yi wa wanta tana durƙushe, ina fatan Allah ya sa kana cikin rahama a inda kake. A ƙa'idar wasiƙa, nan ne ya kamata in tambayi lafiyarka da ta aiki. Shekara bakwai ke nan da binne ka, don haka zan tsallake wannan layin.

Mu dai muna nan. Inna ta bi bayanka shekara uku da suka wuce, wataƙila ma ka riga ni sanin yadda take. Baba yana raye, amma idanunsa sun tafi, iyakarsa ya bambance rana da inuwa. Ni ina koyar da 'yan aji huɗu a wata firamare a Kiru. Duk Juma'a in an tashi nakan hau mota zuwa Bebeji, daga can ɗan achaɓa ya ƙarasa da ni gida, bakin Tiga. Maigidana ya saba, ba ya ko tambaya.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne wani labari da na ji a rediyo shekaranjiya. Ina zaune ina tsince shinkafa, aka ce wata 'yar Indiya ta ci wata babbar kyauta ta marubuta a Ingila. Mai karanta labaran ya yi ta tuntuɓe da sunanta. Na tsaya da faranti a cinya ina jira in ji wani abu ya motsa a ƙirjina. Babu abin da ya motsa. Na ci gaba da aikina. Sai da na miƙe na ga ashe tsakuwar nake tarawa a faranti, shinkafar kuma ina ta watsa wa kaji.

Ka san wanda na tuna. Mista Filai, Ba'indiyen da ya koya muku Turanci a makarantar kwana ta wajen Tudun Wada.

Kafin zuwansa, abin da muka sani game da Indiya bai wuce na fim ba: mutane masu rawa a kan duwatsu, da mutum ɗaya da ke dukan mutum goma. Kai ne ka dawo hutun farko kana gaya mana wai a can akwai masu rubuta littattafai, har ana kiransu daga wata uwa duniya a ba su lambar yabo, shugabanni su miƙe tsaye in sun shigo. Baba yana gyaran koma, bai ko ɗaga kai ba ya ce, “To su wa ke yi musu noman?” Ka ji haushi, ka ƙi cin tuwo.

Ka ce a falon Mista Filai hotuna uku ne a bango, biyu na marubuta, ɗaya na ɗan siyasa. Ranar Lahadi yakan tara ku, ku huɗu ko biyar, matarsa ta dafa muku shayi mai citta da wani ƙamshi da ba ka san sunansa ba, shi kuma ya yi ta ba ku labarin mutanen bangon. Ba ka taɓa dawowa da labarin abin da ya koya muku a aji ba. Kullum labarin bangon ne.

Ɗaya daga cikin marubutan dattijo ne mai dogon farin gemu da riga har ƙasa. Da ka gama makaranta, Mista Filai ya cire hoton ya ba ka. Inna ta karɓa da hannu biyu, ta ƙura masa ido, ta ce, “Wannan shehin na ina ne?” Ka ce, “Na Indiya ne, Inna.” Ta ce, “Allah ya ba mu albarkacinsa.” Ta rataye shi a saman gadonta, duk Juma'a ta goge shi da bakin zani. Ni da kai muka zagaya bayan rumbu muka yi dariya har cikinmu ya ƙulle. Ba ka taɓa gaya mata mawaƙi ne ba, ba Musulmi ba ma. Ka ce a bar ta, ai ba ya cin tuwonta.

Ɗan siyasar kuwa, ka ce a kurkuku ya rubuta littattafansa, ya fito ya mulki ƙasar, kuma babu abin da yake so kamar gina manyan madatsun ruwa. A kan hotonsa ne maganar garinmu ta taso. Mista Filai ya ce a can ma garuruwa da yawa sun tafi ƙarƙashin ruwa saboda madatsun nan. Sai ka ce masa ai kai ma ɗan irin wannan garin ne.

Dole in tsaya a nan in yi wa masu karanta wannan wasiƙa bayani, tunda a jarida za ta fita, ba ni da wani adireshi naka. Sunan garinmu Kwarin Ɗinya. Yana ƙarƙashin ruwan Tiga. Ina da shekara huɗu aka tashe mu, abin da kawai nake tunawa shi ne babbar mota da kazar da aka ɗaure wa ƙafa aka ɗora min a cinya. Kai kana da goma, kuma ba ka manta komai ba.

Mista Filai ya tambaye ka wa ya rubuta labarin garin. Ka ce babu. Ya ce, “To sau biyu ke nan ya nutse.” Wannan maganar ka maimaita min ita ya fi a ƙirga, har na fara cewa ka sake wata.

Da farko da Turanci ka so ka rubuta, don ka burge shi. Shi ya hana ka. Ya ce mutanen bangon nan da harshen iyayensu suka fara, da irin baƙaƙen da iyayensu ke iya karantawa, daga baya duniya ta zo tana roƙon a fassara mata. Ka ce ba ka gamsu ba sai wata rana da rediyo ta faɗi cewa an kashe ɗaya daga cikin manyan shugabannin ƙasarsu. Ya shigo aji ba tare da alli ba, ya tsaya a bakin taga ya karanta wata waƙa da yarensu. Ba wanda ya gane ko kalma ɗaya, kuma ba wanda ya yi tari. Ka ce ranar ka ga mutumin da ke da Turanci cike da baki, amma da abin ya kai masa ga zuciya, gida ya koma.

Shi ya sa ka zaɓi ajami. Ka ce dattawan da za su ba ka labarin, su ne za su duba shi, kuma ba ɗayansu da ya san boko.

Da aka ba ka aikin koyarwa a Doguwa, duk hutu kana kan keke. Mutanen Kwarin Ɗinya sun warwatsu, wasu nan bakin Tiga suna su, wasu a Bagauda, wasu sun yi kudu wajen duwatsu. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Ka je wajen Liman Haruna ya lissafa maka maƙabarta, kabari bayan kabari. Ka bi Jauro Bello har rugarsu saboda shi ya san burtali da sunan kowace fadama, ya sa ka kwana biyu kana shan kindirmo kafin ya buɗe baki. Ka zauna da tsofaffin mata suka gaya maka rijiyar da ke da zartsi da wadda ake ɗebo wa amarya. In ka rubuta, sai ka karanta musu, su gyara, ka sake komawa.

Tsarin littafin na nan a kaina. Ka fara daga masallaci, ka yi gabas, gida bayan gida: wane ne mai gidan, me yake yi, wace bishiya ce a ƙofarsa, da wa yake faɗa. Kakan karanta min in ina daka ko ina tsinke zogale, ka ce in faɗa maka inda ya yi daɗi. Ni kuma don in ɓata maka rai sai in ce duk ɗaya ne. Kakan ce, “Ke dai Ramatu, ranar da aka kira ni karɓar kyauta, a ƙofa zan bar ki ki tsare min keke.”

Shekara shida kana wannan aikin. A tsakani kuɗin ƙasar ya lalace, malaman Indiya suka yi ta tattara kayansu, Mista Filai ma ya koma gida. Kuka ci gaba da wasiƙa. Kowace tasa da tambaya ɗaya take ƙarewa, ya littafin. Kai kuma kullum amsarka ita ce ya kusa, saura ka juya shi zuwa boko in hutu ya zo.

Yanzu na zo kan gafakar.

Ka tuna ranar da ka nemi takardun da ka fara rubutu a kai da biro ka rasa, ashe Inna ta ƙunshe daddawa da su ta aika kasuwar Bebeji? Ba ka yi mata faɗa ba. Ka zauna ka yi tagumi, sannan ka tashi ka ɗauko tsohuwar gafakar Kakanmu Malam, wadda ke rataye babu komai a ciki tun da aka kai Alƙur'aninsa masallaci. Ka ce, “A gidan nan takardar boko ta ƙunshin daddawa ce. Amma gafaka, ko kaza ba ta isa ta tsallaka ba.” Daga ranar duk shafin da dattawa suka amince da shi, sai ka juya shi da tawada a farar takarda warwara, da Bisimillah a sama kamar yadda aka saba, ka sa a gafakar ka rataye a azarar ɗakinka. Ka ce kada in gaya wa kowa, don in Baba ya ji an sa labarin rijiyoyi a gafakar mahaifinsa, sai an kai ruwa rana. Kowa a gidan ya ɗauka littafin yana Doguwa cikin akwatinka. Ni kaɗai na sani.

Dabara ce mai kyau, Yaya. Shekara huɗu ba wanda ya taɓa ta.

Sanƙarau ya kama ka a Doguwa cikin bazara. Kwana uku. Kafin saƙo ya iso mana an riga an ɗauko ka a bayan a-kori-kura, lulluɓe da bargon makaranta. Ban yi kuka ba. Mata suka yi ta cewa Ramatu akwai haƙuri, akwai tawakkali. Ba haƙuri ba ne. Ina jin magana, ina amsa gaisuwa, ina zuba wa baƙi ruwa, amma kamar an toshe min kunnuwa da auduga, komai daga nesa yake zuwa.

Aka rufe ɗakinka har bayan arba'in. Kafin nan damina ta sauka, kwanon rufin ya yi yoyo daidai kan azarar. Ranar da Inna ta buɗe don ta share, ta tarar da gafakar ta jiƙe ta fara fumfuna. Ta fita ta yi alwala, ta dawo ta sauke ta. Ina tsaye a bakin ƙofa riƙe da tsintsiya. Ta zaro takardun kaɗan, ta ga Bisimillah, abin da kawai take iya ganewa ke nan a rubutu. Ta mayar da sauri, ta ce, “Karatun Ɗahiru ne ruwa ya ci. Kira min Babanku.”

Na ga takardun a wannan ɗan lokacin. Gefe-gefe ne suka jiƙe, tawadar ta ɗan zuba a baki. Tsakiyar lafiyarta lau. Da an baza su a rana yini ɗaya, shi ke nan.

Ka san al'adar Baba. Tun da aka tashe mu, duk takardar da ke da sunan Allah in ta yage ko ta lalace, ba ya ƙonawa, ba ya binnewa. Yakan tara har da na maƙwabta, ya ɗaure da dutse, ya shiga kwalekwale ya kai daidai saman tsohon masallacinmu ya saki. Yakan ce a can ne ba ƙafar da za ta taka. Da yana dubawa kafin ya ɗaure, amma tun rasuwarka ba ya iya kallon rubutun hannunka, ko takardar da ka rubuta masa sunan magani sai da ya sa aka ɗauke. Ya dubi gafakar mahaifinsa daga inda yake tsaye, bai buɗe ba. Ya ce, “Ramatu, samo dutse.”

Na samo. Ni na ɗaure da igiyar koma, ƙulli uku, irin wanda ka koya min.

Da hantsi muka shiga ruwa, shi yana tuƙi, ni ina rungume da ita a cinya. Ya yi ta duban tsaunin yamma da kan busasshiyar kukar da ke leƙowa daga ruwa, har ya daidaita su yadda ya saba. Ya ajiye filafili ya ce, “Nan ne. Yi Bisimillah.”

Na san abin da ke ciki. Wannan ita ce maganar da na zo faɗa maka, sauran duk share fage ne. Ba mantawa na yi ba, ba ruɗewa na yi ba. Maganar tana bakina a shirye: Baba, littafin ne. Kalma uku. Daga ƙofar ɗakinka har tsakiyar ruwa ina ɗauke da su, na kasa buɗe baki. Na sha tambayar kaina ko tsoron faɗan Baba ne, ko alkawarin da na yi maka. Ba ko ɗaya. A lokacin dai ban ga bambanci ba tsakanin littafin ya zauna da ya tafi, tunda kai ka tafi. Na yi Bisimillah na buɗe hannuwana.

Ba ta yi ƙara ba. 'Yan kumfa ne suka taso, suka mutu. Baba ya yi maka addu'a, na ce amin. A hanyar dawowa ya duba komarsa, muka samu karfasa huɗu, na soya su da rana.

Bayan wata biyu hedimastanku ya aiko da wasiƙa ta hannun wani direba, mai kan sarki na Indiya. Mista Filai ne. Ya ce ya yi ritaya, yanzu yana da lokaci. Wasu marubuta a garinsu suna tattara labaran garuruwan da ruwa ya ci daga ƙasashe daban-daban, za su buga, akwai ma kyauta ga wanda ya fi. Ya ba su labarinka, sun ce a kawo. Ya ce ko ba ka juya zuwa boko ba, ka je Kano a ɗauki hoton shafukan da inji ka aiko, shi zai nemo mai karantawa ko a ina yake. A ƙasa ya rubuta da Hausarsa ta kasuwa, “Kada ka yi wasa, Ɗahiru.”

Na karanta a tsaye, na ninke, na je na kwashe shanya don hadari ya taso.

Na ba shi amsa da layi biyu, na ce Allah ya yi maka rasuwa. Ya aiko da ta'aziyya shafi uku, tawadar ta ɓaci a wurare biyu. Ya ce a duk shekarun da ya yi a ƙasar nan kai ne ɗalibin da yake ba da labari a gida. A ƙarshe ya yi tambayar da ya saba. Wannan ban amsa ba. Tana ƙasan akwatina, ƙarƙashin zannuwan da ba na ɗaurawa.

Inna ta rasu tana ganin ta yi maka gata, ta kai karatunka wuri mai tsarki. Ban gyara mata ba, kamar yadda ba ka gyara mata maganar shehin Indiya ba. Liman Haruna ya rasu. Jauro Bello ya rasu. Tsofaffin matan nan na rijiyoyi saura ɗaya a Bagauda, ita ma ba ta gane 'ya'yanta.

A haka na zauna shekara da shekaru, ba ciwo, ba sauƙi. Sai bara bayan girbi, muna zaune da Baba a gindin mangwaron ƙofar gida, ya juyo da fuskarsa wajen da yake jin numfashina ya ce, “Ramatu, littafin nan na Ɗahiru, a Doguwa ya bar shi ko? Ki nemo ki riƙa karanta min. Jiya na kwana ina neman wanda ke bayan gidan Maƙera, na rasa. Garin yana zube min.”

Na ce, “To, Baba.”

Hanya biyu ce. Ko in gaya wa makaho ɗan shekara tamanin cewa shi ya tuƙa kwalekwalen da ya kai littafin ɗansa ƙasan ruwa, ko in kawo masa littafi. Na koma Kiru na sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta, na zauna na rubuta duk abin da na iya tunawa daga abin da ka karanta min ina daka. Na fara daga masallaci na yi gabas. Gida biyar na samu, su ma da giɓi. Ashe lokacin da nake ce maka duk ɗaya ne, kunnena yana ɗauka.

Ranar Asabar na zauna gabansa na ce an samo. Na fara karantawa. Ban kai ƙarshen shafi ba ya ɗaga hannu. Ya ce, “A'a. Nan yaron ya yi kuskure. Rijiyar Talle gabas take da masallaci, ba kudu ba. Gyara masa.” Na gyara maka. Can kuma ya ce, “Ya tsallake gidan Ɗanjuma mai jaki. Yaya za a yi a tsallake Ɗanjuma, mutumin da jakinsa ya cinye wa Liman rawani? Sa masa.” Na sa maka.

Haka muke yi duk Asabar. Ni in ƙago abin da nake zato cikin mako, in zo in karanta da sunanka, shi ya rushe ya gina daidai. In na rasa abin cewa gaba ɗaya, sai in ce nan ruwa ya taɓa shafin, shi kuma ya cike. Wannan kaɗai ce gaskiyar da nake faɗa masa. Mun cika littafi biyu, muna cikin na uku. Mun wuce Maƙera, ya kuma tuno wanda ke bayansu, wata bazawara ce mai sayar da kunun tsamiya.

Sai dai mutuncinka na marubuci ya zube a wurinsa, ka yi haƙuri. Rannan ya girgiza kai ya ce, “Ba'indiyen nan dai ya cika yabonsa. Shekara shida yana yawo a keke, amma bai san kukar Sarkin Ruwa biyu ba ce.” Na ce ai ka san Yaya da gaggawa. Kai da kake komawa wajen mutum sau uku a kan sunan bishiya ɗaya. Duk kuskuren da na yi, a kanka yake sauka, kuma ba ka nan balle ka kare kanka.

Ban sani ba ko littafinka zai ci kyautar nan ta su Mista Filai. Mai yiwuwa ba zai ci ba. Mai yiwuwa su karanta su ce lissafin rijiyoyi ne kawai. Wanda muke yi da Baba kuwa na tabbata ba zai ci komai ba, ba shi da daɗin bakinka, ba shi da Jauro Bello, ba shi da kaburburan Liman. Na iya tuna kabari bakwai, Baba ya ƙara tara. Sauran sun tafi. In mun gama zan aika wa Mista Filai in yana raye, shekara bakwai a makare, da sunanka a bango. Ban san me zan rubuta masa a sama ba tukuna.

Ina roƙon duk ɗan Kwarin Ɗinya da ya karanta wannan, don girman Allah kada ya kai wa Baba. Ko da yake tun Asabar da ta wuce ban san ko akwai sauran abin ɓoyewa ba.

Muna cikin karatu ya miƙo hannu ya ce, “Ba ni in riƙe.” Bai taɓa nema ba. Na rasa dabarar da zan yi, na sa masa a hannu. Ya shafa bangon, mai santsi, irin na kanti. Ya bi tsakiyar da yatsa har ya taɓa ƙarfen da aka ɗinke shi da shi. Kai kuwa ya san a warwara kake rubutu, ya sha riƙe shafukanka yana duba maka. Ya kai littafin hanci ya shinshina. Ya daɗe a haka, fuskarsa tana wajen ruwa.

Sannan ya ce, “Takardar Ɗahiru ba ta tsufa.”

Ya miƙo min littafin. Ya ce, “Ci gaba. Muna gidan wa?”

Na ce gidan Malam ne, gidanmu. Ya ce, “To rubuta, ni zan faɗa. Wannan gidan Ɗahiru bai kai ga rubutawa ba.” Gaskiya ne, Yaya, ka ce gidanmu za ka bari ƙarshe, kuma ni ban taɓa gaya masa haka ba. Ya fara daga zaure. Ya faɗi ɗinyar tsakar gida, da ɗakin da aka haife ka, da inda aka binne cibiyarka. Ina rubutu, wani abu ya ɗiga a kan shafin ya ɓata kalma biyu. Na ɗaga kai na dubi mangwaron, na ɗauka raɓa ce, da rana tsaka.

Kafin in taho na shiga ɗakin Inna. Shehinta na nan a bango, ƙura ta rufe masa gemu. Na goge shi da bakin mayafina.

Ka yafe min kalma ukun da ban faɗa ba. Ka yafe min ƙullin da na yi da kyau. Ka yafe min kurakuran da nake jingina maka duk mako, akwai sauran wasu a gaba, don ba mu taɓa yammacin gari ba.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya yalwata maka shi. Allah ya jiƙan Inna da Liman Haruna da Jauro Bello, da waɗanda ke kwance a Kwarin Ɗinya, wanda muka tuna sunansa da wanda muka rasa. Allah ya ba Mista Filai lafiya in yana raye. Allah ya ara wa Baba kwana har mu kai gidan ƙarshe na yamma. Amin.

Ka huta lafiya.

Ƙanwarka mai tsaron keke,
Ramatu
Kiru